Haƙƙin shayarwa a gine-ginen gwamnati da aikin juri a Amurka

Haƙƙin shayarwa a gine-ginen gwamnati dokoki ne da ke bai wa uwa damar ba ɗanta nono, ko ta tatse shi ta ajiye, a kotu da ofishi da filin jirgin sama ba tare da an kore ta ko an tsangwame ta ba. Tushen batun yana cikin jikin uwar ne. Mai shayar da jariri na bukatar ba da nono ko tatsa duk bayan awa biyu zuwa uku. Idan ta daɗe ba ta yi ba, nonon kan cika ya yi tauri yana zogi, wani lokaci ya kumbura har da zazzaɓi, ruwan kuma ya riƙa raguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla na wata shida, a ci gaba har shekara biyu ko fiye.

A 1999 majalisar dokokin Amurka ta amince cewa mace za ta iya shayarwa a duk ginin gwamnatin tarayya da take da izinin shiga. Jihohi sun bi a hankali, sai a 2018, da Yuta da Aidaho suka gyara dokokinsu, shayarwa a bainar jama'a ta halatta a duk jihohi 50.

Sai dai izini daban, wurin zama daban. Shekara da shekaru mata na tatsar nono a banɗaki, injin tatsa a kan cinya, kwalba a gefen wurin wanke hannu, abin da bai dace da abincin jariri ba ko kaɗan. Dokar lafiya ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata ba da lokacin hutu da keɓantaccen wuri wanda ba banɗaki ba, har shekara guda bayan haihuwa, dokar PUMP ta 2022 kuma ta faɗaɗa wannan ga ƙarin ma'aikata. Masu zuwa ginin gwamnati don wata bukata, waɗanda ba ma'aikata ba, dokar 2019 ce ta shafe su: wasu gine-ginen tarayya da jama'a ke shiga dole su tanadi ɗaki mai tsafta, wanda ba a leƙawa, da kujera da tebur, da wurin jona wuta idan ginin na da lantarki.

Aikin juri ya fi wuya. Juri ƴan ƙasa ne da kotu ke kira su saurari shari'a su yanke ko an yi laifi, kuma ƙin amsa kiran na iya jawo tara. Zama kan ɗauki yini guda, wani lokaci makonni, galibi ba a shiga da yaro. Babu doka ɗaya ga ƙasar baki ɗaya. Kowace jiha da tsarinta. Kalifoniya na ɗage wa mai shayarwa aikin har shekara guda idan ta nema. A Mizuri, an tuhumi wata uwa da raina kotu a 2013 saboda ta zo da jaririnta, sannan a 2014 jihar ta yi dokar yafe wa masu shayarwa idan sun kawo takardar likita. Kotun ƙolin Alabama ta ba da umarnin yafe wa masu shayarwa a farkon 2025. A wasu jihohin, magana tana hannun alƙali.

Akwai saɓani kan yafewar kanta. Masu goyon baya na cewa jariri ba ya jiran kotu. Wasu kuma na ganin cire iyaye mata gaba ɗaya yana rage muryarsu a shari'a, don haka sun fi son ɗage lokaci, ko hutun tatsa da ɗaki a cikin kotun, uwar ta zaɓa da kanta.