Mene ne ƙa'idar shan mai da ake ɗora wa manyan motoci?

Idan ka ji ana cewa wata gwamnati ta kafa ƙa'idar shan mai ga manyan motocin dakon kaya, kar ka ɗauka za a dinga tare direbobin tirela ne a hanya ana leƙa tankinsu. Dokar kan kamfanin da ya ƙera motar take hawa, irin su Volvo, Scania, MAN, Daimler ko Sinotruk mai HOWO, sai a ce masa daga shekara kaza duk sabbin motocin da zai fitar kasuwa kada shan mansu ya wuce kaza. Direba babu ruwansa, tsohuwar motar da ta riga ta hau titi ita ma ba ta ciki.

To amma da me ake aunawa? Nan ne abin ya bambanta da na ƙananan motoci. Ƙaramar mota ka ce lita nawa take sha a kilomita 100 shi kenan an gama magana, ita ko babbar mota aikinta lodi ne, in ka auna ta haka ka zalunce ta. A ce tirela ta sha lita 35 a kilomita 100 ɗauke da tan 25, sannan wata 'yar ƙaramar motar kaya ta sha lita 10 ɗauke da tan 1 kacal. A ido tirelar ce mashayiya, amma raba ka gani, kowane tan na kayanta lita 1.4 ya ci, na ƙaramar kuwa lita 10 cur. Shi ya sa Amurka ke lissafi da galan nawa aka ƙona wajen kai tan ɗaya tafiyar mil 1,000, Turai kuma giram nawa na iskar kabon ya fita a kan kowane tan a kowace kilomita. Duk tafiyar ɗaya ce dai, tunda litar dizal guda in ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.6 na iskar kabon, ka rage man ka rage iskar kenan. Sai dai kar a haɗa wannan da su Euro V da Euro VI ɗin da ake liƙawa a jikin mota, wancan maganar baƙin hayaƙi da gubar da ke fita ta salansa ce, doka ce daban.

Wata matsalar kuma, babbar mota ba kala ɗaya ba ce. Kai guda ɗaya yau a jona masa tanka, gobe kwantena, wani a ɗora masa bodin tifa, wani injin kwaɓa siminti, ga giya iri-iri ga taya iri-iri, wa zai iya ɗaukar kowace haɗuwa ya kai ta ɗakin gwaji? Sai aka koma kwamfuta. Ana gwada injin shi kaɗai, a auna yadda iska ke tokare gaban motar, a auna yadda taya ke jan ƙasa, sai a zuba alƙaluman cikin manhaja ita kuma ta "tuƙa" motar a kan hanyar da aka tsara ta fitar da sakamako. Ta Amurka sunanta GEM, ta Tarayyar Turai VECTO. A waɗannan wuraren biyu jimillar motocin kamfani ake dubawa a ɗauki matsakaici, wato in wani samfuri ya cika sha wani mai tsimi zai iya rufa masa asiri. Sin kuwa kowane samfuri da iyakarsa gwargwadon nauyinsa.

Japan ce ta fara, ta ba kamfanoni wa'adi zuwa 2015. Amurka ta biyo baya a 2011 zamanin Obama, hukumar kare muhalli ta EPA da hukumar kula da tsaron hanyoyi ta NHTSA suka fitar da zangon farko na motocin 2014 zuwa 2018, a 2016 aka ƙara zango na biyu har zuwa 2027. Turai ta makara sosai, sai 2019 ta ce a rage iskar kabon da sabbin manyan motoci ke fitarwa da kashi 15 cikin 100 nan da 2025 da kashi 30 nan da 2030, a 2024 kuma ta ƙara matsawa, kashi 45 a 2030, 65 a 2035, 90 a 2040. Gaskiya wannan na ƙarshen ya wuce maganar gyaran injin dizal, babu yadda za a kai can sai da motocin lantarki ko na haidurojin.

Wani zai ce to ai mai ne ke cinye kaso mai tsoka na kuɗin mai mota, ba sai an tilasta wa kowa tsimi ba, kasuwa da kanta za ta yi. Maganar da ƙanshin gaskiya, amma ni ban gamsu da ita duka ba. Mai saye yana ganin ƙarin kuɗin yau a takarda, ribar man kuwa alƙawari ne daga bakin mai talla wanda ba shi da hanyar tantancewa, ga shi da yawa bayan 'yan shekaru suke sayar da motar su sake sabuwa, ragowar ribar wani ne zai ci. Uwa uba sau da yawa mai kan motar daban, mai tirelar da ake jona masa daban. Mai tirela me zai sa ya kashe kuɗi ya sa faifan nan da ake rufe gefen ƙasa tsakanin tayoyi don iska ta zame, alhali ba shi ke biyan kuɗin dizal ba?

Abubuwan da ake tsimin da su ma ba wani tsafi ba ne fa. Hular nan da ke saman kan mota mai karkatar da iska ta haye bisa kwantena, rage tazarar da ke tsakanin kai da tirela, taya marar jan ƙasa sosai, giya mai canza kanta a daidai lokacin da ya dace, da ɗan ƙaramin inji ko batir da zai riƙe wa direba na'urar sanyi in ya kwanta a cikin mota maimakon ya bar ƙaton injin yana ruri har asuba. Iska ita ce babbar abokiyar gaba a doguwar hanya, domin in ka ninka gudu tokarewarta sau huɗu take ƙaruwa.

Ita tirelar ma har kotu ta je. Dokar Amurka ta 2016 ta haɗa da masu ƙera tirela, su kuma suka ce atafau, abin da ba shi da inji ta yaya za a ce yana shan mai? A 2021 kotun ɗaukaka ƙara da ke Washinton ta ba su gaskiya ta soke wannan ɓangaren. Turai kuwa a gyaran 2024 ta saka tirela a cikin tata dokar.