Ƙashi ya yi ƙwari ba ya nufin a bar allura

An daɗe ana faɗi tsakanin matanmu na Agege da Idi Araba a Legas cewa wadda ta warke daga kansar mama, in ƙashinta ya yi ƙwari, sai ta bar allurar ƙarfafa ƙashi. Ba abin zargi ba ne, allurar na da tsada, ga shi ba ta jin ciwon komai.

Amma denosumab, allurar da ake yi duk wata 6, ba a barinta haka kawai. Magungunan hana kansar mama dawowa, irin su letrozole, suna zaizaye ƙashi, shi ya sa ake haɗa su da ita. Da an daina denosumab, zaizayewar na dawowa da ƙarfi, cikin watanni ƙashin baya kan iya karyewa a wuri fiye da ɗaya, ko da ba a faɗi ba. Don haka likita kan maye gurbinta da zoledronate ko alendronate, wasu magungunan ƙarfafa ƙashi masu daɗewa a ƙashi.

'Yar uwa, duba katinki na asibiti ki ga sunan allurarki da ranar ta gaba, kada ki bari ta wuce. In baya ya soma ciwo farat ɗaya ko tsayinki ya ragu, ki nemi a ɗauki hoton baya.

Don Allah a tura wa sauran mata.