Dillali ba kishiyar dillali ba ne

An daɗe ana cewa a Makka wai dillalin da ya haɗa ɗan'uwansa da mai saye ya zubar da abincinsa. Maganar tana damuna, domin ba haka sana'ar take ba. Wanda ya san gidajen unguwar Misfala lungu-lungu ba lallai ya san na Aziziyya ba, mai saye kuwa ba ya jira.

La'ada a dokar Saudiyya kashi 2.5 cikin ɗari ce, sai in an rubuta wata yarjejeniya. Gidan riyal 800,000, la'adarsa 20,000 ke nan. Na ga wani dattijon dillali ya ɗaga waya ya kira wani dillalin: "Ɗana, kawo mutuminka, makulli na hannuna." Kafin la'asar an daidaita, dillalan biyu kowa ya tashi da 10,000.