Waiwaye: Debre Libanos, gidan waliyyin Habasha da Italiya ta yi wa kisan gilla

Mai barin Adis Ababa ya nufi arewa, bayan tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai, kafin ya shiga garin Fiche zai ga hanya ta ratse dama ta gangara bakin wani ƙaton kwazazzabo da kogin Jemma ke bi. A gindin dutsen nan Debre Libanos yake, gidan ruhubanawan Cocin Orthodox na Habasha, inda hubbaren waliyyi Tekle Haymanot yake. Masu ziyara sukan zo cikin farin mayafin auduga da suke kira netela, su tuɓe takalma a ƙofar coci, sannan su haura tudu zuwa kogon waliyyin. Ruwa na ɗiga daga jikin dutsen, mutane na tara da galan da gorar roba, wasu su sha, wasu su kai wa majinyacin da suka baro a gida. Baƙin Turawa kuwa birai masu jan ƙirji da ke kiwo a bakin kwazazzabon sun fi ɗauke musu hankali. Da yawa sukan koma ba su san a wannan wuri aka yi ɗaya daga cikin mafi munin kashe-kashen mulkin mallaka a Afirka ba.

Tekle Haymanot ɗan ƙasar Shewa ne, a tsakiyar Habasha, an haife shi wajen 1215. Ya yi karatu a gaban Iyasus Mo'a a tsibirin tafkin Hayq, ya dawo gida yana wa'azi, a 1284 ya kafa wannan wuri da sunan Debre Asbo. Mabiyansa suna cewa shekaru ya yi a tsaye cikin kogon yana addu'a har ƙafarsa ɗaya ta karye ta fita, ya ƙara shekara bakwai a kan ɗayar. Shi ya sa ake zana shi da ƙafa ɗaya da fukafukai shida. Ya rasu wajen 1313. Sarki Zara Yaqob ne ya sauya wa gidan suna zuwa Debre Libanos a 1445.

Martabar wurin ta wuce ta ibada. Ɗaruruwan shekaru babban limamin cocin Habasha, wato Abun, baƙo ne da ake aikowa daga Iskandariyya ta Masar, sau da yawa bai ma jin yaren mutanen ba. Saboda haka shugaban Debre Libanos, mai sarautar Ichege, shi ne ɗan ƙasa mafi girman muƙami a cocin, shi ke riƙe da ruhubanawa da filayen coci, kuma yana da fada a wurin sarki. Duk mai son karya sarautar Habasha ya san inda zai dosa. A farkon shekarun 1530 rundunar Imam Ahmad na daular Musulmi ta Adal, wanda Habashawa ke kira Gragn, ta ƙona gidan ƙurmus a yaƙinta da sarki Lebna Dengel. An daɗe kafin ya farfaɗo.

Sai zamanin Musolini, shugaban gwamnatin Fasist ta Italiya. Italiya ta mamaye Habasha a 1935, ta shiga Adis Ababa a Mayun 1936, sarki Haile Selassie ya yi gudun hijira. Ranar 19 ga Fabrairun 1937, wadda Habashawa ke kira Yekatit 12, wasu matasa biyu 'yan asalin Eritiriya, Abraha Deboch da Moges Asgedom, suka jefa gurneti kan gwamnan mulkin mallaka Rodolfo Graziani a wajen wani taro a fada. Ya ji raunuka amma bai mutu ba. Kwana uku 'yan Fasist suna kisa da ƙone gidaje a birnin. Gwamnatin Habasha ta ce mutum 30,000 aka kashe, masanin tarihi Ian Campbell ya ƙiyasta kusan 19,000.

Graziani bai huce ba. Ya zargi ruhubanawan Debre Libanos da ɓoye matasan biyu, ba tare da an kai kowa gaban alƙali ba, ya tura Janar Pietro Maletti. Abin da ya fi ciwo a labarin shi ne zaɓen rana. An yi dakon 12 ga watan Ginbot na kalandar Habasha, wato 20 ga Mayu, ranar bikin waliyyin da jama'a ke tururuwa daga ƙauyuka, aka bar masu ziyara suka shiga, aka hana fita. Washegari aka riƙa loda mutane a manyan motoci ana kai su wani wuri da ake kira Laga Wolde, ana jera su a bakin rami ana buɗe musu wuta. Matasan dikanoni, wato mataimakan limaman coci, da ɗalibai an ware su, bayan kwanaki kaɗan aka harbe su a Engecha kusa da Debre Berhan. Wasu aka tura sansanin Danane a Somaliya, inda yunwa da cuta suka cinye da yawa. Maletti ya sa bataliyar sojojin mulkin mallaka Musulmi a gaba wajen aikin, don bai yarda sojojinsa Kiristoci za su harbi limamansu ba. Dabara ce ta haɗa faɗa, kuma a ƙasar da Najashi ya karɓi sahabban Annabi a hijirar farko, dabarar ta ƙara muni.

A rahoton da Graziani ya aika Rum ya ce ruhubanawa 297 da mutanen gari 23 aka harbe ranar farko, da dikanoni 129 daga baya. Shekara da shekaru wannan adadi ake maimaitawa, adadin da mai kisan da kansa ya rubuta. Sai a shekarun 1990 Campbell da abokin aikinsa Degife Gabre-Tsadik suka bi ƙauyuka suna sauraron tsofaffin da suka gani da idonsu, suka nuna cewa waɗanda aka kashe sun kai tsakanin 1,400 da 2,000. An kuma kwashe kambunan sarauta da littattafan fata da gicciyoyi.

Haile Selassie ya dawo a 1941. Cocin da masu ziyara ke gani yau, mai gilasai masu launi, shi ya gina a 1961 a kan hubbaren waliyyin. Ichegen da ya yi gudun hijira zuwa Ƙudus lokacin mamaya shi ne ya zama Abuna Basilios, ɗan Habasha na farko da ya shugabanci cocin a 1951. A harabar gidan akwai ginin tunawa da aka adana ƙasusuwan waɗanda aka kashe.

Hukunci dai ba a yi ba. Maletti ya mutu a fagen daga a hamadar Masar a Disambar 1940. Habasha ta nemi a gurfanar da Graziani bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya da ƙawayenta suka yi ta jan ƙafa har maganar ta bi ruwa. Kotun Italiya ta ɗaure shi shekara 19 a 1950, amma don haɗa baki da Jamusawan Nazi, kuma 'yan watanni ya yi aka sake shi. Ya mutu a 1955 ba kotun da ta yi masa shari'a kan Debre Libanos. A 2012 ƙauyen Affile da ke gabas da Rum ya gina masa wurin tunawa da kuɗin jama'a, Habashawa suka yi zanga-zanga a Adis Ababa da biranen ƙetare, gwamnatin yankin Lazio ta dakatar da kuɗin a 2013. Sai a 2020, shekara 83 bayan kisan, shugaban majalisar bishop-bishop na Katolika a Italiya, Kadinal Gualtiero Bassetti, ya fito fili ya nemi gafarar Kiristocin Habasha kan yadda cocinsa ya goyi bayan mamayar.