Gwajin tsabtar iska a keɓaɓɓen ɗaki

Keɓaɓɓen ɗaki shi ne wanda ake ƙayyade yawan ƙurar da ke yawo a iskarsa, irin wanda ake haɗa allurai da ledojin ƙarin ruwa a ciki. Willis Whitfield na cibiyar binciken Sandia a Amurka ne ya fito da salonsa na zamani a farkon shekarun 1960.

Ido ba ya zama shaida a nan. Ƙurar da ake ƙirgawa girmanta daga maikiron 0.5 ne zuwa sama (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), alhali kaurin silin gashin kai ya kai wajen maikiron 70. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 14644-1, wanda ya fito a 1999 aka sabunta shi a 2015, ya kasa ɗakunan aji tara. A aji na 5, ƙwayoyin ƙurar ba za su haura 3,520 a cikin mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi ba. Aji na 8 kuwa an yarje masa 3,520,000.

Ana ƙirgar da na'ura mai hasken leza, sau ɗaya ba kowa a ɗakin, sannan ana tsaka da aiki. Na biyun ya fi faɗin gaskiya, domin jikin ma'aikaci da tufafinsa su ne babbar kafar ƙura. Matatar HEPA, wadda ke tace iskar da ke shiga ɗakin, tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙura mai maikiron 0.3, amma idan bakinta bai zauna daidai ba an yi aikin banza, shi ya sa ake busa mata feshi a bi gefe-gefenta ana neman yoyo. Ƙwayoyin cuta kuma faranti mai ɗauke da abincinsu ake buɗe musu har awa 4, a rufe a ga abin da zai tsiro.

A karkarar Kano da Jigawa wahalar tana zuwa da hunturu. Hazon da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a Chadi yakan haɗu da ƙaiƙayin sussukar gero, sai matatar farko, wadda ke tare ƙura kafin ta isa HEPA, ta toshe tun kwananta bai kai ba. Canza ta a kai a kai ya fi araha nesa da sayen sabuwar HEPA. Sai kuma wuta. Iskar ɗakin dole ta fi ta waje matsi da kamar faskal (ma'aunin matsin iska) 10 zuwa 15, don in an buɗe ƙofa iska ta fita, kada ta shigo. Da an ɗauke wuta fanka ta tsaya, ƙura sai ta kutso ta ƙarƙashin ƙofa kafin a tayar da janareta.

Ɗakin gwajin tarin fuka akasin haka yake: matsinsa ƙasa ake yi da shi, don kada cutar ta fita.