Shirin tattaunawa kai tsaye a rediyon Sakkwato

Shirin tattaunawa kai tsaye shi ne wanda mai gabatarwa yake zama da baƙo a ɗakin watsa shirye-shirye, su tattauna wani batu, sannan a buɗe layin waya ga masu sauraro. A Sakkwato ana yin irinsa a Gidan Rediyon Rima, mallakar gwamnatin jiha, da tashoshin FM masu zaman kansu irin su Vision FM da Garkuwa FM. Akasari da Hausa ake yi, kuma karin harshen Sakkwatanci yana fitowa sosai a bakin masu kira.

Tarihi

Sakkwatawa sun saba da rediyo tun kafin a sami irin wannan shiri. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Rediyon Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, ga kuma Rediyon Kaduna da ya daɗe yana isa ƙauyukan Arewa. A lokacin, mai sauraro ba ya da hanyar sa baki sai ta wasiƙa, wadda takan yi makonni kafin a karanta ta. Wajen 1978, bayan ƙirƙiro Jihar Sakkwato a 1976, aka sake tsarin rediyon tarayya, tashoshin da ke jihohi suka koma hannun gwamnatocinsu.

Abu biyu ne suka sauya lamarin. Na farko doka ta 38 ta 1992, wadda ta kafa hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, ta kuma ba 'yan kasuwa damar mallakar tasha. Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, sauran biranen Arewa suka biyo baya. Na biyu zuwan wayar salula a 2001, wanda ya sa manomi a Goronyo ko ɗan kasuwa a Illela zai iya magana da kwamishina ba tare da ya bar inda yake ba.

Yadda ake gudanar da shi

Mutum uku ne ƙashin bayan shirin: mai gabatarwa, furodusa, da mai kula da na'urar sauti. Furodusa ke gayyato baƙo da tsara tambayoyi. A shirin awa ɗaya, an fi ba gabatarwa da kanun labarai 'yan mintuna, a ba baƙo kusan rabin lokaci, sauran ya tafi ga kiran waya da talla. Ana neman mai kira ya faɗi sunansa da unguwarsu, ya taƙaita cikin minti ɗaya ko biyu.

Matsalar da ta fi yawa ita ce ƙarar da ke tashi idan mai kira ya bar rediyonsa a kunne kusa da waya, domin sautin yana zagayowa ya koma cikin makirufo. Shi ya sa kullum ake cewa a rage sautin rediyo. Sai yankewar layi, da ɗaukewar wuta kafin janareta ya kama, da baƙon da ya fasa zuwa a ƙurarren lokaci. Mafi haɗari shi ne mai kira ya ambaci sunan wani da zagi ko ƙazafi, saboda tasha ce ke ɗaukar alhakin duk abin da ya fita ta bakinta. Gwanin mai gabatarwa yakan katse shi nan take cikin ladabi, ya nisanta tashar daga maganar, ya ba wanda aka ambata damar kare kansa.

Baƙi da batutuwa

Ladabin magana yana da nauyi a birnin Shehu. Ana ce wa malami "Allah gafarta Malam", basarake "ranka ya daɗe", jami'i "Yallaɓai", kuma ƙwarewa ita ce a yi tambaya mai zafi ba a zubar da wannan girmamawa ba. Batutuwan da ke cika layi sun haɗa da ruwan sha, farashin taki da hatsi, aikin Hajji, da matsalar tsaro a gabashin jihar, kamar Sabon Birni da Isa. Gab da azumi da salla hankali yakan koma ga sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi.

Wasanni

Ƙwallon Turai ta fi jan kira, musamman washegarin babban wasa. Ana kuma taɓo Sokoto United da filin wasa na Giginya, da kokawa da dambe bayan kaka.

Ce-ce-ku-ce

Ana sukar shirye-shiryen siyasa da ake sayen lokacinsu da rashin adalci ga ɗaya ɓangaren. A 2023 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa NBC ba ta da hurumin cin tarar tashoshi.