Aikin kula da tsofaffi a gidajensu a Ingila: abin da doka ta ce da inda mutanenmu ke zamewa

Tun Fabrairun 2022 da Birtaniya ta buɗe biza ga masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya 'yan Najeriya suka yi ta kwarara can, har da namu 'yan Arewa maza da mata, kuma da yawa ba gidan tsofaffi aka kai su ba, aikin bi gida-gida suka samu, wato ka shiga gidan tsoho da sassafe ka tashe shi ka yi masa wanka ka ba shi magani da abin kari, ka fita ka nufi gida na gaba. A ido kamar jinyar da kowa ya saba yi wa kakarsa ce, amma doka ta ɗaure aikin nan tamau, kuma abin da na ga ya fi saurin jefa mutanenmu a matsala shi ne tausayi irin namu na gida, wanda a can wani lokacin sunansa laifi.

Hukumar da ke sa ido sunanta Care Quality Commission, kowa CQC yake ce mata, ta fara aiki a 2009 kuma Ingila kaɗai take dubawa, Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa kowacce da tata. Duk kamfanin da zai tura ma'aikata gidajen mutane su yi musu wanka, ko kai su banɗaki, ko sa musu kaya, ko ciyar da su, ko wanke musu baki, dole ya yi rajista da ita kuma ya kasance da manaja wanda shi ma sunansa na cikin rajistar. Yin aikin ba rajista laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari har wata 12. Amma in shara da cefane kawai kamfanin ke yi babu ruwan CQC da shi, haka in tsohon ne da kansa ya ɗauki mutum aiki kai tsaye yana biyansa, ko ɗan uwa ne ke jinyar nasa, waɗannan ba sa buƙatar rajista.

Ƙa'idojin da ake bi yanzu an rubuta su a 2014 suka fara aiki a Afrilun 2015, kuma ba haka kawai suka faɗo ba. Abin kunyar da ya faru a asibitin Stafford ne, inda aka bar marasa lafiya cikin ƙazantarsu da ƙishirwa, har lauya Robert Francis ya jagoranci bincike ya fitar da rahoto a 2013, daga nan gwamnati ta ce to a gindaya wani mizani wanda ba a yarda kowa ya yi ƙasa da shi ba, ko asibiti ne ko kamfanin da ke tura ma'aikaci ɗaki ɗaya a bayan gari.

Inda ya fi wahalar shiga kan Bahaushe shi ne ƙa'ida ta 11, maganar izini. A gida in Baba ya ce ba zai sha magani ba ai lallaɓa shi ake yi, in ya ƙi a murƙushe ƙwayar a zuba a kunu a ba shi bai sani ba, kuma kowa zai ce Allah ya yi miki albarka. To a can wannan kaɗai ya isa a dakatar da ke daga aiki. Akwai wata doka ta 2005 kan hankalin yanke hukunci, ta ce kowane baligi a ɗauka yana da hankalin zaɓar wa kansa sai in an gwada an tabbatar ba shi da shi, kuma don mutum ya zaɓi abin da ke kike ganin wauta ce, wannan ba hujja ba ce ta cewa hankalinsa ya gushe. Tsohuwa mai ciwon suga ta ce ita biskit za ta ci, ki yi mata bayani, ki rubuta, ki sanar da ofis, amma ba ki da ikon ɓoye kwalin. Ta ce yau ba za ta yi wanka ba, ki sake tambaya anjima cikin lalama, ta ƙi, shi ke nan ki rubuta ta ƙi. Ko wanda ciwon mantuwa ya kama ba a yanke masa hukunci gaba ɗaya a ce ya tashi daga aiki, kowace magana da tata ake dubawa, yana iya kasa gane lissafin banki amma ya san sarai rigar da yake so ya sa. In har an tabbatar ba zai iya yanke hukunci kan magani ba, to sai likita da mai haɗa magani da iyali sun zauna an rubuta cewa ɓoye maganin a abinci shi ne maslaharsa kafin wani ya yi, ba ke kaɗai a kicin ba. Kulle wa mutum ƙofa da makulli don kar ya fita yawo ma haka yake, ko da ɗansa ne ya ce ki kulle.

Ni dai a ganina nan dokar ta fi mu gaskiya, duk da tana da ciwo a ce kana kallon mutum yana cutar kansa hannunka a ɗaure. Mu muna girmama tsoho da durƙuso da sannu Baba, amma da zarar ya kwanta ciwo sai a daina tambayarsa komai, a kansa ake shawara yana kwance yana ji.

Sai ƙa'ida ta 12, kula ba tare da cutarwa ba, wadda ita ce ta fi faɗi. Kafin a fara zuwa gidan mutum dole kamfani ya je ya duba haɗarin da ke ciki, matakala, kafet mai zamewa, ko yana shaƙewa in yana cin abinci, ko fatarsa na neman yin gyambon kwanciya, a rubuta tsarin kula da shi a ajiye a fayil ko a manhajar waya, kuma abin da ke rubuce shi za ka bi. In an rubuta mutum biyu ne za su ɗaga shi da na'urar ɗagawa, to abokin aikinka bai zo ba kar ka ce ai ni ƙato ne ka sungume shi ta hammata, in ya suɓuce ya karye kai za a fara tambaya. In ka shigo ka tarar ya faɗi ƙasa ma ba a cicciɓar sa, waya ake bugawa a bi abin da aka ce. Magani kuwa akwai takardarsa, kowace ƙwaya da lokacinta da wurin sa hannu, kuma ba a sa hannu kafin a ga ya haɗiye, ba a cike gurbin jiya da aka manta don takarda ta yi kyau. Ko Panadol ɗin da ke jakarki ba ki da izinin ba shi. A aikin nan abin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne, shi ya sa wanda ya iya jinya amma yake ƙyuyar rubutu yake shan wahala.

Ƙa'ida ta 13 ta hana cin zarafi, kuma ba duka kaɗai ake nufi ba, tsawa, zagi, barin mutum cikin fitsari, taɓa masa kuɗi, duk suna ciki. Maganar kuɗin nan a kula da ita sosai, don mu a wurinmu tsohuwa ta miƙo maka fam 20 ta ce ka sha ruwa ƙin karɓa rashin kunya ne, amma kamfanoni suna da tsari mai tsauri kan kyauta, gobe 'yarta ta zo ta ce kuɗin Mama sun yi ƙasa ba ka da bakin magana. In an aike ka kanti ka dawo da rasit ka rubuta canji. Kuma in ka ga alamar wani na cutar da ita, ko abokin aikinka ne ko ɗan cikinta, wajibi ne ka kai rahoto, dokar kula da manya ta 2014 ta ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin yin bincike. Ba a rufa asiri a nan. Tun 2015 kuma ma'aikacin da aka samu da muzguna wa wanda yake kula da shi ko yin sakaci da gangan yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5.

Akwai ƙa'ida ta 20 da ta tilasta wa kamfani faɗin gaskiya, in an yi kuskuren da ya jawo babban rauni ko mutuwa dole a sanar da mutumin ko iyalinsa baki da baki, a ba da haƙuri, a biyo da takarda, kuma ba da haƙurin ba ya nufin an amsa laifi a gaban kotu. Ta 18 da ta 19 kan ma'aikata suke, a ɗauki isassu, a ba su horo, a binciki tarihinsu ta hukumar DBS mai riƙe da sunayen waɗanda aka haramta wa aiki da masu rauni.

Ga iyalanmu da ke zaune can da suke da tsoho a gida, dokar tana da abin da za ku riƙe. Ƙa'ida ta 9 da ta 10 sun ce a kula da mutum daidai da buƙatarsa da mutuncinsa, ta 14 kuma ta ambaci abincin da ya dace da addini da al'adar mutum ƙarara. Saboda haka in Hajiya ba ta yarda namiji ya yi mata wanka ba, ko tana son a taimaka mata da alwala, ko naman halal kawai take ci, a faɗa tun ranar da aka zo tantancewa a sa a cikin tsarin, kar a yi kawaici sai abu ya ɓaci a zo ana gunaguni.

To duk wannan a takarda ne, a aikace lokaci ne ke kashe komai. Hukumar NICE, mai fitar da jagora kan aikin lafiya da jinya a Ingila, ta ba da shawara a 2015 cewa ziyara kar ta gaza minti 30 sai da dalili, misali in ma'aikacin sananne ne ga mutumin kuma ɗan taƙaitaccen abu zai yi, amma shawara ce ba doka ba. Yawancin aikin ƙananan hukumomi ne ke biya kuma aljihunsu ya yi ƙasa, sai ka ga an jera wa mutum gidaje ba a bar masa lokacin tafiya a tsakani ba, ga jiran bas ga sanyi, dole ya gutsure daga lokacin wannan tsohon ya kai wa wancan. Alhali lokacin tafiya daga gida zuwa gida aiki ne a doka, dole a lissafa shi in ana duba ko an biya ka mafi ƙarancin albashi, da yawa ba su san wannan ba.

Ita kanta CQC tana auna kamfani da tambaya biyar, ko babu cutarwa, ko aikin na amfani, ko akwai tausayi, ko ana biyan buƙatar mutum, ko shugabancin na da kyau, sai ta ba shi ɗaya cikin maki huɗu daga zakaran gwajin dafi zuwa wanda ya gaza, kuma dole ya nuna makin a shafinsa na intanet. Tana iya gargaɗi, ta ci tara, ta soke rajista ko ta kai kotu. Sai dai a 2024 binciken Dakta Penny Dash ya nuna hukumar ta yi rauni ƙwarai, wurare da dama ba a taɓa ba su maki ba, wasu kuma makinsu ya tsufa, har ministan lafiya na lokacin Wes Streeting ya ce ba ta iya aikinta. Don haka in za ku zaɓi kamfani ku duba ranar da aka yi rahoton, ba makin kaɗai ba. Kuma CQC ba ta warware ƙorafin mutum ɗaya, kamfanin za ka fara kai wa, in bai gamsar da kai ba ka wuce ofishin Ombudsman mai sauraron koke kan ƙananan hukumomi da kula da manya. Ma'aikaci kuwa yana iya tsegunta wa CQC ba tare da ya faɗi sunansa ba, kuma dokar 1998 ta kare masu fallasa ɓarna a wurin aiki, duk da na san wanda bizarsa ke hannun mai kamfani ba ƙaramin ƙarfin hali zai yi ba kafin ya buɗe baki.

Bizar ma ta canja. Daga Maris 2024 aka hana sababbin masu wannan aiki tafiya da iyali, aka kuma ce kamfanin da zai ɗauko mutum zuwa Ingila sai mai rajistar CQC, sannan ranar 22 ga Yulin 2025 aka rufe ɗauko sababbi daga waje gaba ɗaya, waɗanda ke cikin ƙasar ne kawai aka bar wa dama zuwa 2028. Duk ejan ɗin da ya ce maka yanzu ka kawo miliyoyi zai samo maka takardar ɗaukar nauyi ta wannan aiki daga Kano ko Kaduna, ka riƙe kuɗinka.